Ka Ƙaro, Ya Kawo Karo

"…Lahiya lau, angona. Ina gajiyar hanya?"

"Gajiya tana wurin jakin Danda mai dako, amarya, ni bayanshi kawai na biyo. Ke ce dai na ga kin ƙara kyau. Kin yi siriri kamar 'yan matan Maraɗi."

"Ubanka ne siriri. Shigo da kayan ciki, ka bar tsayuwa bakin ƙohwa kamar mai neman aure."

"Auren mi zan nema, ga wadda na aura nan ta tsuhwa a hannuna ban more ta ba?"

Gaisuwar Zara'u ke nan da jikanta Mamudu, kuma a kunnena aka yi ta, domin tun hantsi nake zaune a tsakar gidan. Sunana Hassana, danga ɗaya ce ta raba ni da Zara'u a ƙauyenmu, gabas da Urafan. Na ce mata wuta na zo ɗiba. Ita ma ta san ƙarya nake, don ta san ba ni da abin ɗorawa a kan wutar.

Bazarar da ta biyo bayan daminar nan da ta ƙi ce, zamanin soja na mulki. Rediyo kullum cewa yake ana ɗaukar mataki, mu kuwa takun da muka gani shi ne na mazan da suka bi hanyar kudu suka bar mu da yara. Lokacin kaka, Mamudu ya aiko wa Zara'u da 'yan tiyoyin hatsi daga Tasawa, inda yake sana'ar fenti, yana rubuta sunayen shaguna yana zana zaki a bayan manyan motoci. Da hatsin ya ƙare sai ta je wurin Mushe Amani, haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta mata wasiƙa. Mako uku shiru. A safiyar ranar da nake ba ku labari ta taka kujera ta sauko da ɗan damin irinta daga rufin ɗaki, ta jingina shi da turmi, ta ce mini in motar kasuwa ta wuce ba Mamudu, yau za ta sussuke shi ta ci. Wanda ya ci irinsa, ko ruwa ya sauka kallo ne nasa, kuma a shekarar nan ba mai ba wani iri.

Sai ga Mamudu da azahar, jaki ɗauke da akwatunan katako biyu, yana tafiya yana neman durƙushewa. Matan unguwa suka biyo sawun jakin har gida, suka jeru a jikin danga, kowace da uzurinta. Wata allura ta zo aro, wata kuma tambaya take ko an ga akuyarta, akuyar da duk mun san tun lokacin sanyi aka cinye.

"Kai, nauyi! Hassana, taɓa ki ji," in ji Zara'u, tana shafa akwatin kamar jariri. "Na hwaɗa maku mijina ba ya kunyata ni. Mummuna ne, ƙahwahunshi kamar na zalɓe, amma shina da zuciya."

"Ai saƙonki na bi daki-daki," in ji Mamudu. "Abin da kinka ce shi na kawo, ban rage ba ban ƙara ba."

"Buɗe mu gani."

Ya ɓamɓare murfin, ya yaye takardar buhun siminti, ya zaro wani abu fari fat, faifai, mai kusurwa huɗu, yana ƙyalli a rana. Ya goge shi da bakin riga ya ɗaga sama don matan da ke jikin danga su gani.

"Wanga mi ne ne?"

"Karo."

"Da wa ka yi karo?"

"Ba da kowa ba, sunanshi ke nan. Tangaran ne, manna shi ake ga bango ko ƙasa a gidajen manya. Hwari yake zuwa, ni nike zana mashi hoto in shahe shi da mai ƙyalli, ko ruwa ba ya wanke shi."

"Na ji. Aje shi gehe, hiddo hatsin."

"Wane hatsi?"

Mamudu ya laluba aljihu ya fito da wasiƙa, ya warware ta a hankali kamar mai karanta sanarwar gwamnati.

"'Zara'u tana gaishe ka. Ta ce kowa lahiya. Ta ce in za ka taho, ka karo.' Ga shi nan da hannun Mushe, ba ni na rubuta ba."

"Ƙaro! Ƙaro na ce, ɗan banza! Ka ƙaro hatsi, yunwa ta kai mu ƙasa, haka na hwaɗa mashi da bakina!"

"To ni dai ban ga hatsi nan ba, ban ga yunwa ba. Kowa lahiya na gani."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Mushe Amani mutum ne da in ya ga kaki a kan igiyar shanya sai ya gaishe shi. Ya ji an ce ana buɗe wasiƙu a hanya, kuma duk wanda ya rubuta yunwa za a kira shi ya faɗi wanda ya gaya masa akwai ta. Don haka ya cire yunwa, ya cire hatsi, ya bar abin da yake ganin ba zai kai shi Tasawa ɗaure ba. Bokonsa kuma na Faransanci ne, bai san ƙa mai lanƙwasa ba, da ƙaro da karo duk ɗaya suke a alƙalaminsa.

"To ko Mushe ya haukace, kai ma ka haukace?" in ji Zara'u. "Ka karo, wace irin Hausa ce wannan? Ko Buzun da ya sauko jiya ba ya hwaɗin haka."

"Na ɗauka bik ɗinshi ne, alƙalamin, ya ƙahe ya haɗiye 'kawo'. Na ce Allah sarki, matata ta ji labarin sana'ata ta ci gaba, tana son ɗakinta ya hi na kowa."

"Ɗakina! Bango ne ya ce maka shina jin yunwa?"

"Ke dai tsaya ki ga kaya. Mace ba ta raina lehe tun ba ta buɗe ba."

Ya juyo mata da karon, ashe akwai hoto a ɗaya gefen. Mai neman allura ta yi tsaki ta tafi.

"Wagga kuma mi ce ce? Giwa?"

"Saniya ce."

"Ina ka ga saniya haka a ƙasar ga? Ko wata ƙasa kake kwana ka dawo da sahe?"

"Bari ki ji. Mai gidan da nike ma aiki yanzu babban soja ne, taurari bisa kahwaɗa. Gida yake ginawa, ya ce daga salo, ɗakin baƙi, har makewayi a manne da karo, kuma a zana mashi arzikin ƙasarmu, don baƙin da ke zuwa daga Yamai su gani. Na tahi kasuwar bisashe na zana saniyar da na iske. Ya duba ya ce wagga saniya ce ko tsani? Ya ce in sa mata nama, oda ce."

"Ka samo naman ina?"

"Kwana biyu ina yawo cikin Tasawa ina neman abu mai ƙiba da zan kwaikwaya, ban samu ba sai shi. Kullum ya zo duba aiki, sai in saci kallon tumbinshi in ja layi."

"Shi ya sa! Na ga ta tsaya kamar mai shirin yin jawabi."

"Ya ce tunda yake bai taɓa ganin saniya mai kwarjini irinta ba. Goma sha biyu ya sa na yi mashi. Wagga ta tsage a kusurwa, shi ya sa ta zama rabonki."

"Ashe ma shara ce ka kwaso mani."

"Sharar manya ce, amarya, ki san irin bakin da za ki yi mata magana."

Ya zaro na biyu. Zara'u ta karɓa ba don tana so ba, ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. A zamaninta ita ce mai zanen ɗakin amare a unguwarmu, da farar ƙasa da jar ƙasa, kuma har yau in ta ga layi a karkace ba ta iya yin shiru.

"Rumbu ne wanga ko gidan waya? Ina ka taɓa ganin rumbu da taga? Har da tuta bisa kai!"

"Tuta oda ce."

"Ga hatsi shina zubowa ƙasa, ba kaza ko ɗaya. Wane gari ne hatsi ke zube kaji ba su zo ba?"

"Kajin sun ƙoshi."

"An dai cinye su. Kuma dubi gonar da ke baya. Ɗan manomi, jikan manomi, ka ɗauki ganyen dawa ka liƙa ma hatsi! Da kakanka na raye da ya sake mutuwa."

"Mai gida bai lura ba."

"Ina zai lura, shi da ya san hatsi a cikin buhu kawai?"

Mata biyu suka ƙara zamewa daga jikin danga. Na ji ɗaya tana cewa wannan yaron birni ya lalata shi, ɗayar tana cewa dama tun yana ƙarami ba shi da kai. Ni ma a raina haka na ce, sai dai ban tashi ba. Ƙafata ta ƙi yarda cewa akwati mai nauyi haka babu abin ci a cikinsa.

"Ga wanda na hi so," in ji Mamudu. "Duba da kyau ki hwaɗa mani ko wa ce ce."

"Wata ƙatuwa tana daka."

"Ke ce."

"Ni? Da haƙora cike da baki?"

"Na ara maki. In kin gama dariya da su ki maido."

"Kuma ji yadda ta riƙe taɓarya, kamar mai riƙe da bindiga. Wa ke daka haka?"

"A gidan soja anka zana ta, ta ɗauki hali."

"Tsaya. Ina ya ce za a manna wagga?"

"Makewayi. Daidai inda ruwa ke zubowa."

"La ilaha! In tsaya ina daka, ƙato shina wanka gabana? Ni Zara'u?"

"Shi ya sa na hana. Na ce mashi wagga matata ce, ina da kishi. Na ce ya ɗauki saniya ya ƙara."

Bakin Zara'u ya ɗan motsa, ta danne dariyar da ƙyar, ta kife karon a cinyarta. Da ya tsaya nan da ban ji haushinsa sosai ba. Amma sai ya zaro na huɗu, ya durƙusa ya ajiye mata a gaba da hannu biyu. Tuwo ne malmala uku, miyar kuka ta kewaye shi, man shanu yana narkewa a bisa. Allah ya ba yaron nan hannu, har tururi ya zana.

"Bismilla, amarya. Wanga ba ya huce, ba ya tsami, ba ya ƙarewa. Ko baƙi ɗari kinka yi ya ishe su."

"Hassana, kawo ruwa mu wanke hannu," in ji Zara'u.

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai yawuna ya tsinke a kan tuwon fenti, na ji kunya ta kama ni har cikin ƙashi, na ji kamar in ɗauki karon in kwaɗa masa a goshi. Mai neman akuya ita ce ta ƙarshe a jikin danga, ta ce Allah ya shirya, ta ja mayafinta ta wuce. Muka rage mu uku.

Zara'u ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ɗauki damin irin nan ta kwance igiyar, ta zuba zangarnu a turmi, ta ɗauko taɓarya.

"Mi za ki yi?" in ji Mamudu.

"Mijina ya zo daga tahiya, tuwo zan yi mashi. Nawa ba shi da tururin naka, amma ana haɗiye shi."

"Wanga ai iri ne."

"Ashe ka san iri. Na ɗauka sai an sa mashi tuta."

"In kin cinye, mi za ki shuka?"

"Karo. In yi rami in binne saniyar ga, in Allah ya so da kaka ta haihi maruƙa goma sha biyu."

Ta ɗaga taɓarya ta sauke. Ta sake ɗagawa. Da ƙyar take ɗaga ta, don na san kwana huɗu ke nan rabonta da abin da ya wuce dafaffen ganye. Mamudu ya leƙa danga dama da hagu, ya je ya jawo asabarin ƙofa ya rufe, ya dawo ya riƙe kan taɓaryar.

"Sake mani."

"Sai kin ga sauran. Manyan suna ƙasa."

"Na ƙoshi."

"To ki taimake ni da tabarma, akwai shara ciki da nike so in juye. Inna Hassana, riƙe mani nan."

Na riƙe masa bakin tabarma ina hararar sa. Ya kwashe sauran karon da ke sama, guda biyar ne kacal, ya yaye wata takardar siminti mai kauri. Jar dawa ce a ƙasa, cike har baki. Ya karkata akwatin ta zubo shaa, ta yi tudu a kan tabarma. Ya buɗe na biyu, shi ma karo huɗu ne a sama, sauran duk dawa. Na saki tabarmar na zauna daɓas, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Zara'u ta bi tudun dawar da ido. Ta jingine taɓarya ta zo ta tsuguna, ta nutsa hannu cikin dawar har wuyan hannu.

"Kin san karo ba ya son girgiza," in ji Mamudu, fuskarsa ba alamar wasa. "Dole a sa mashi abin da zai kwanta ciki, in ba haka ba ya hwashe a hanya. Na nemi ƙaiƙayi duk Tasawa, anka ce mutane sun riga jakai. Na nemi dusa, anka yi mani dariya. Sai wagga na samu. Ina za a zubar da ita, bayan gida?"

"Zubar da ubanka."

"Ɗanki ne."

"Ni na haihe shi, ni ke da ikon zaginshi. Ina ka samo?"

"Da aiki ya ƙare, Gajere mai riƙe da mabuɗin mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ya ce mi za a sallame ni da shi. Na ce a ba ni irin abin da ragunan mai gida ke ci. Buhuna ne jibge har rufi, da rubutun Turawa a jiki. Ragunan ma sun hwara yi mata yanga, sai an haɗa masu da wake."

"Allah ya sa mu a danshin ragunan manya."

"Amin."

"To don mi ba ka ɗauro ta a buhu kamar ɗan mutane ba?"

"Buhu? Bariya biyu ce, shingen soja, tsakanin Tasawa da nan, amarya. Buhu in ya wuce ta hwarko ya rame, in ya wuce ta biyu sai ki sa shi aljihu. Amma da sunka ce mi ke cikin akwati, na ce kayan makewayin mai gida ne. Wani soja har ƙamewa ya yi ya sara ma akwatin."

Zara'u ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ke nan ka gane wasiƙar."

"Ni? Karo na karanta, karo na kawo. Inna Hassana shaida ce."

"Ka gane, munahiki. Ka gane, ka bar ni ina zuba kamar rediyo, har ka aje mani tuwon tangaran a gaba."

"Wanga kam na yi laihi, tuwon ya wuce wuri. Amma mai neman akuya ta ƙi tahiya, sai da na hiddo mata babbar bindiga. Kin ga yadda sunka jeru? Da sun ga ƙwaya ɗaya, kahin la'asar kin rabar da ita duk, na san halinki. Jibi ki koma ma irin."

Maganar ta soke ni, don ni ma cikin masu jiran nake, zama kawai na fi su. Na sunkuyar da kai ina tsintar ƙwayoyin da suka gangara bakin tabarma. Zara'u ta dube ni, ta dubi tudun dawa.

"Hassana, tashi. Bi gida-gida ki ce masu mijina ya zubar mani da shara tsakar gida, su zo su taya ni kwashewa. Kowa ta taho da 'yar ƙwarya. Ƙarama, ki ce, ba masaki ba."

"Kin gani ko!" Mamudu ya dafe kai. "Wata uku ina kallon tumbin mutum don in ciyar da matata, za ta yi biki da shi!"

"Kai da kake birni ba ka san yadda hayaƙi ke tahiya ba. In na ɗora tukunya yau, ɗiyan maƙwabciya Fatsuma suna jin ƙamshi ta danga. Ta ina tuwon zai wuce mani? Akwati guda nawa ne, guda nasu. In na lallaɓa shi da ganye ya kai ni ruwa."

"In bai kai ba?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, turmi ma na nan. Ban yarda da ke ba, tsohuwa. Inna Hassana, dakata, ba inda za ki sai an gama wagga shari'a."

Ya tuɓe riga ya ɗauki taɓarya, ya ƙarasa sussukar irin da kansa, yana yi Zara'u tana cewa ga inda aka samo riƙon bindiga. Ni na sheƙe, ita ta kawo toka ta cakuɗa saboda ƙwari. Ya shiga ɗakinta ya ɗauko wata tukunya mai ƙaramin baki, ya juye irin ciki tas. Sannan ya kwance wani ɗan ƙulli da ke kusurwar akwati, siminti ne da ya zo da shi don manna karo a bango, ya kwaɓa shi a kasko.

"Mi kake yi kuma, magini?"

"Kurkuku. Zan ɗora karo bisa bakin in liƙe da siminti. Ba ta buɗuwa sai da guduma, guduma kuwa tana Tasawa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ko ƙahwa ce zan tako in hwasa da hannuna, mu tahi gona tare. Kina saran rami ina bin ki."

"Kai ne mai saran, ni ce mai zuba iri. Wa ya taɓa ganin amarya da sungumi?"

"Na yarda. Amma in na iske kin taɓa tukunyar ga, na sake ki."

"Ka daɗe ba ka sake ni ba. Wa zai kwashe ka?"

Ya tona cikin dawar da ta rage a gindin akwati ya zaro wani karo da ba mu gani ba tukuna. Soja ne a tsaye ƙiƙam, hula a karkace, gashin baki kamar ƙahon rago, hannu a goshi yana sarawa.

"Ga mai gadi. Na ƙohwar gida ne, anka ce hancin ya yi girma. Shi za ya tsare maki irin."

Ya shafa siminti a bakin tukunya, ya kife karon, fuskar sojan tana duban ciki. Zara'u ta yi wuf ta cafke hannunsa, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Kai, ba ka da hankali? Juya shi! Huskarshi ta dubi sama!"

"Don mi? In ya dubi sama ƙura za ta ɓata mani fenti."

"Ta ɓata. Soja za ka rufe cikin ɗaki ɗaya da hatsi, ba mai ganinshi, har wata biyu? Ranar da ka hwasa sai ka iske toka kaɗai, kuma ya ce maka ana ɗaukar mataki."

Mamudu ya yi baya ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki, siminti duk ya shafe masa gemu.

"Kin ci, amarya, wallahi kin ci! Na ba ki gari."

"Dama nawa ne. Juya shi nan, ya dubi gadona, idona na bisanshi dare da rana."

Ya juya karon ya danna, ya bi gefen da yatsa ya liƙe. Zara'u ta ɗebi dawa da hannu biyu ta zuba mini a gefen zane, ta ce wannan ba ya cikin lissafin ƙwarya, sannan ta tura ni ƙofa.

"Yi sauri, Hassana. Ki hwara da mai neman akuya."